Injin da Ya Fi Ni Ƙarin Gishiri

A unguwarmu Zaitawa, cikin birnin Kano, idan na ce na ga kura, sai a ce a je a duba, wataƙila kyanwa ce. Tun muna samari abokai suka laƙaba mini Habu Gishiri, wai ba na ba da labari sai na zuba masa mudu guda. Ban taɓa musu ba. Amma wannan da zan ba ku rage masa zan yi, don in na faɗe shi yadda yake babu mai gaskata ni.

Shekarar da aka yi zaɓe na biyu ce bayan soja sun koma bariki, lokacin da kowane bango a cikin gari ya sha fastoci, wayar salula kuma sai gidan wane da wane. Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibitin gwamnati. Na tsufa ina leƙa madubin likita ina neman ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, in an ɗauke wuta in jawo madubin bakin taga. Sai aka ce za a tura mutum ɗaya Hong Kong ya koyo sabon gwajin ciwon hanta. Masu uwa a gindin murhu duk suna wajen kamfen, rabo ya faɗo kaina.

Zangona na farko a hannun dillali na yi shi. Ina fitowa daga filin jirgi wani mai fara'a ya karɓe mini jaka yana ta kirana ɗan'uwa, ya nuna mini hoton ɗaki mai labule da kujera da taga tana kallon teku. Da muka isa, muka hau bene har sai da kunnuwana suka toshe, ya buɗe wata ƙofa. Na ce masa na ga wajen ajiye takalmi, ina ɗakin? Ya ce ai shi ke nan. Ɗakin nan in zan miƙe ƙafa sai na buɗe ƙofa, in zan juya ɓarin hagu sai na fita waje na juyo na dawo. Tagar kuwa tana kallon bangon maƙwabta, in na miƙa hannu ina taɓa shanyarsu. Kafin in gama salati ɗan'uwana ya ɓace. Baƙo ko da ido makaho ne.

Abinci ya zama wani yaƙin. Duk abin da aka ajiye a gabana sai in ga kamar yana shirin motsi. Na koma burodi da shayi da yajin da matata Uwani ta ƙulla mini a leda. Wani mai dafa abinci ɗan Fakistan a ƙasan benen, da ya ji na yi bisimilla, ya riƙa ƙara mini miya. Ranar da ya tsoma mini ƙashi mai ɓargo sai da na tuna tuwon gidanmu, hawaye ya zubo, na ɗora wa yajin laifi.

Ban daɗe da fara zuwa asibitin da aka tura ni ba gari ya juye. Wani tari ya ɓulla, mai zazzaɓi da sarƙewar numfashi, yana kayar da likitoci kafin majinyata. SAS suke ce masa. Birnin da ba ka samun wajen sa ƙafa ya koma kamar kasuwar Kurmi ranar Idi. Kowa da takunkumi a fuska. Wata safiya a cikin bas yajin Uwani ya hau mini hanci na yi atishawa guda ɗaya. Kafin in ce alhamdulillahi ni kaɗai na rage, sai direba, shi ma don ba shi da wanda zai bar wa sitiyari.

Sauran baƙin da muka zo koyo tare suka tattara suka tafi. Na buga waya gida, aka kira Uwani wajen mai wayar kuɗi a bakin layinmu.

"Malam, ka dawo," in ji ta. "Kai da ko mura ka yi sai ka tara mu ka yi wasiyya."

"In dawo in ce wa mutanen unguwa me? Na gudo wa tari?"

"Ka ce musu duk abin da ka ga dama, dama ba yarda suke yi ba."

Da na bi ta tata, da na dawo. Abin da ya riƙe ni Madam Fong ce, shugabar ɗakin gwajin, wata 'yar siririyar mata da ba ta kai kafaɗata ba amma in ta yi gyaran murya har firij sai ya nutsu. Ta ce an ajiye maganar hanta, duk ɗakin ya koma kan sabuwar cutar, hannu kuma ya yi musu kaɗan. In ina so in zauna in ga abin da ba a taɓa gani ba, ga wuri. Na zauna.

Jama'a, na ga abu. Ƙwayar cutar nan ko an haɗa madubina na Kano guda ɗari ba za a hango ta ba. Amma Madam ta ce kowace halitta tana ɗauke da rubutunta a cikinta, da haruffa huɗu kacal. Masana sun karanto na wannan ƙwayar, suka zaɓi layi ɗaya wanda babu mai irinsa sai ita. Sai a ɗebo majina daga can ƙuryar hancin majinyaci, a tace ta a fitar da rubutun, a juya shi zuwa irin wanda inji ke iya kwafa, kamar dai a mai da ajami boko. Sannan a zuba wasu 'yan guntaye biyu da suka haddace farkon layin da ƙarshensa. In layin na nan sai su cafke shi. Duk wannan a cikin 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsan jariri ba.

Daga nan sai inji. PCR ake ce wa aikin. Injin bai fi tukunyar shinkafa girma ba, ba ya ƙara, ba ya hayaƙi. Aikinsa ya yi zafi ya yi sanyi, ya yi zafi ya yi sanyi, kowane zagaye kuma abin da ke ciki ya ninku. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu, kafin la'asar ɗayan nan ya haifi abin da ya fi mutanen duniya yawa. Sai a ɗiga a ramukan wani abu mai kama da kafa amma garau, a ja shi da lantarki, a kashe fitila a kunna wata mai shuɗi-shuɗi. A layin mai ciwon sai ka ga ɗan zane ya haska kamar jinjirin wata.

Ranar da na fara gani na kasa ɗauke ido. Tun ina makarantar allo nake jin maganar ƙwayar zarra, yau ga ta an kamo ta an sa ta tana haske a gabana. Na ce Allahu akbar a fili. Sannan na ce wa injin, "Ranka ya daɗe, na sallama. Ni mudu nake ƙarawa, kai buhu-buhu."

Kowane gwaji da 'yan rakiya biyu ake yinsa. Kwalba ɗaya an san da rubutun ƙwayar a ciki, dole ta haska. Ɗaya kuma ruwa ne zalla, dole ta zauna baƙi ƙirin. Madam takan ɗaga ta ruwan ta ce, "Mista Abu, ranar da wannan ta yi ƙarya, kowa maƙaryaci ne."

Ɗakuna uku ne a jere, kowanne da kalar rigarsa da takalminsa. Na ɗaya nan ake haɗa ruwan gwajin, ko majina ba ta shiga. Na biyu nan ake tace ta majinyata. Na uku nan injin yake, nan ake buɗe kwalabe bayan an ninka, don haka iskarsa ma cike take da kwafen rubutun. Dokar Madam ɗaya ce: daga ɗaya zuwa biyu zuwa uku, ba a komawa baya. Wanda ya taka na uku, ya gama da na ɗaya sai gobe.

Da farko a na uku aka ajiye ni ina kallo, kusa da Farfesa, wani tsoho mai farin gashi wanda ya riga kowa zuwa, ya bi bayan kowa tashi. Da Madam ta ga hannuna ba ya rawa sai ta mai da ni na ɗaya, ni ke haɗa ruwan gwajin kowa. Na ji kamar an ba ni sarauta.

To ga inda gizo ke saƙar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko gobara ake yi sai ka gaida babba kafin ka ɗauki bokiti. Yaya za a yi in wuce ƙofar mutumin da ya isa haihuwata in kama aiki? Don haka kullum in na yi sammako sai in zagaya ta ƙofar baya, in shiga ɗaki na uku, in durƙusa in ce, "Gud monin, Baba." Ya ɗaga hannu ya gyaɗa kai, wani lokacin ya miƙo mini faranti in riƙe masa. In na miƙe in gyara zaman hulata, in fita, in wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, in sa farar riga da safar hannu in shiga na ɗaya. A ganina dokar Madam ta aiki ce, gaisuwa kuwa ba aiki ba ce. Shi Farfesa bai ma san an canza mini ɗaki ba. Hular takardar da ake sawa a ɗaki na ɗaya kuma ba ta rufe tawa, sai dai ta zauna a samanta kamar faifai a kan tulu. Ba wanda ya ce mini uffan.

Ana cikin haka aka aiko daga ɓangaren da ake killace waɗanda ake zargi, wai an kawo wani baƙar fata daga filin jirgi da zazzaɓi da tari, ba ya jin Turanci, ya ƙi ci, ya ƙi yarda a taɓa hancinsa. Ko zan gwada? Aka naɗe ni kamar gawa, aka tsayar da ni bayan gilashi, aka ba ni kan waya. Ga dattijo can kan gado ya juya wa duniya baya.

Na ce, "Salamu alaikum."

Ya zabura kamar an tsikare shi. "Wa alaikumus salam! Mutum ko aljan?"

"Mutum ne, Alhaji. Habu, daga Zaitawa."

"Zaitawa ta Kano? Ɗan gidan wa?"

Na faɗa masa. Ya yi wata dariya da ta ƙare da tari. "Jikan Jauro mai shanu? Ashe Fulata ne! Duk faɗin duniyar nan a rasa wanda za a aiko mini sai bawana."

Alhaji Modu ke nan, ɗan Yakasai, asalinsu Barebari, mai sayo kayan gyaran babur. Na ce, "Babarbare, ka iya bakinka. Yau majinarka a hannun ubangidanka take."

Muka yi ta yi har ya yarda aka ɗebi ta hancin, yana tsine wa duk Fulanin duniya. Da ma'aikatan suka fita sai ya matso jikin gilashin, muryarsa ta sauka.

"Habu, tsakani da Allah. An ce wanda aka tabbatar yana da abin nan, hawa na sama ake kai shi. 'Yan'uwanmu fatake kuma sun ce ƙona gawa ake yi. Ni ba mutuwar nake tsoro ba, na yi jikoki. Amma a ƙona ni kamar bola, ba wanka ba salla? Kada ka bari a hau da ni."

Ban san gaskiyar maganar ƙonawa ba. Abin da na sani ya fi wannan muni: in ba shi da ciwon aka kai shi cikin masu shi, to can zai same shi. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, akwai injin da ba ya zalunci.

Washegari aka kashe fitila aka kunna mai shuɗin. Layin Alhaji Modu ya haska. Sai Madam ta matsa da fuskarta, ta nuna layin ƙarshe da bakin biro. Ruwan ma ya haska, dishi-dishi.

"Ban sa hannu a wannan ba," in ji ta.

Likitocin ɓangaren suka yi ta bugo waya. Ɗakunan killacewa sun cika, sababbi na zuwa, ga gwaji ya nuna, me ake jira? Madam ta tsaya kai da fata. Da ƙyar suka ce sun ba ta zuwa Juma'a, in ba a kawo sakamako mai tsabta ba za su hau da shi.

Muka wanke ɗakunan nan da bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyi da cin launin tufa, har sai da bango ya nemi gafara. Aka sake. Ruwa ya haska. Aka zubar da duk kayan haɗin aka buɗe sababbi, ni na haɗa da hannuna, bayan na je na gaida Baba kamar kullum. Ruwa ya haska. Na ce wa Madam a garinmu in abu ya kai haka malamai ake kira, aljani ne ya shiga firij. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko tsinken auduga ta bi komai tana gogawa tana sawa a inji: marfin firij, hannun ƙofa, kan waya, har biron da take rubutu. Duk suka fito baƙi. Kullum kuma da yamma in je bayan gilashi, Alhaji ya dube ni, in ce masa injin yana nazari.

"Injin Fulani ne, shi ya sa yake yawo bai isa ba," in ji shi. Amma idonsa ba ya dariya.

Ranar Laraba muna tsaye a ɗaki na ɗaya ni da Madam, dabara ta ƙare. Na tura hulata gaba na sosa ƙeya da safar hannuna, yadda nake yi tun ina yaro in lissafi ya cushe. Na ga ta ƙura mini ido.

"Mista Abu, wannan hular ina da ina take zuwa?"

"Duk inda kaina ya je, Madam."

"Yau da safe ina kanka ya je?"

Na faɗa mata, har da ɗan alfahari, don ta san an ba ni tarbiyya. Ta rufe ido ta daɗe ba ta buɗe ba. Sannan ta miƙo tsinken auduga.

Ban taɓa ganin haske irin na layin hulata ba. Ya fi na kwalbar da aka san da ƙwayar a ciki. Da an ɗauke wuta a Zaitawa aka rataye shi, da yara sun yi karatun allo a gindinsa. Madam ta ce ba ciwon ne a hular ba, kwafen rubutun ne kawai, ba sa sa kowa tari. Amma injin bai san wannan ba. Ka ba shi guda ɗaya tak da ya faɗo daga zaren hula, ya mayar maka da shi duniya guda, ya rubuta wa bawan Allah ciwon da ba shi da shi.

Ran nan barkwancina ya ƙafe. Na tsaya ina tunanin dattijon da ya damƙa mini amanar gawarsa, ga shi gaisuwata ta kusa hawa da shi bene. Na jira a ce in tattara kayana.

Madam ta ce, "Tun ranar farko na so in yi magana. Na ɗauka ta addini ce, na ji nauyi."

"Ba ta addini ba ce, Madam. Ta mutunci ce. A garinmu babba ba ya yawo kai ba hula."

"To mutuncinka zai kwana a bilic. Je ka yi wanka, ka canza komai. Gobe kai za ka haɗa, hannunka ba shi da laifi."

Alhamis na shiga asibiti kaina a buɗe, iska na kaɗa mini sanƙo, ina jin kamar na fito ba wando. Na wuce ƙofar baya ban waiwaya ba, zuciyata na ce mini mara kunya. Na shiga na ɗaya na fara haɗi. Sai na ji ƙwas-ƙwas a gilashin da ke kallon baranda. Farfesa ne, ashe labari ya kai masa, da jakarsa a hannu, bai ko shiga ɗakinsa ba. Ya dafa bango, ya lanƙwasa tsofaffin gwiwoyinsa iya yadda za su iya, ya ce, "Gud monin, Baba." Daga ranar har na bar ƙasar bai fasa ba.

An ɗebo sabuwar majinar Alhaji, har da bayan gidansa, don Madam ta ce ƙwayar takan ɓuya wa hanci a farkon ciwo. Da la'asar aka kashe fitila. Kwalbar da aka san da rubutun ƙwayar a ciki ta haska. Ruwa baƙi ƙirin. Layukan Alhaji baƙi ƙirin. Na sha kallon abubuwa masu kyau a duniya, amma ban taɓa ganin abin da ya kai wannan duhun kyau ba. Madam ta sa hannu, aka fasa hawa da shi. Duk da haka ba ta sake shi ba sai da aka maimaita bayan 'yan kwanaki, aka duba jininsa. Ashe ciwon haƙarƙari ne irin wanda muka sani, maganinsa kuma ya karɓe shi.

Ranar da aka sallame shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya fito a rame, riga na yawo a jikinsa. Ba halin musabaha, sai muka tsaya muna kallon juna. Ya dubi kaina.

"Fulata, wa ya mutu? Ina hularka?"

Na zaro ta daga aljihu. Da shuɗiya ce mai aikin zare, yanzu ta koma kalar tsumman goge tukunya. Na ba shi labari tun daga ƙofar baya har layin da ya haska. Ya saurara bakinsa a buɗe.

"Wato injin ya karanta hula?"

"Ya karanta, Alhaji."

"Abin da ido bai gani, a jikin zare?"

"Ƙwarai."

"Ikon Allah." Ya girgiza kai ya daɗe. "Dama na san in Bafillace ya shiga magana sai an yi ɓarna. Amma tunda gaisuwa ce ta jawo, Allah ya jiƙan wanda ya koya maka." Ya buɗe jakarsa da ke ta warin magani, ya fito da wata hula zanna sabuwa dal, irin wadda Barebari ke ajiyewa don ranar sauka gida. Ya miƙa hannu daga nesa ya kifa mini ita.

"Na naɗa ka sarkin bayina. Da sharaɗi ɗaya: ba ta shiga ɗakin tsohon nan."

Ita ce a kaina yanzu da nake wannan rubutu. A majalisarmu ta Zaitawa sun yarda da ɗakin da sai an fita ake juyawa, sun yarda da bas ɗin da ta watse. Maganar inji da hula ce kaɗai suka ce na cika gishiri.